Ƙofar da Malam Ya Toshe

Har yau a Fagge in aka tayar da zancen tafiyarmu Gwalkwas sai ka ji ana cewa neman arziki ya kai mu. Ƙarya suke yi, kuma na gaji da gyara musu. Gida muka je nema. Gida mai katanga, inda zan haihu in yi wankan jegona a tsakar gidana, ba idon kowa a kaina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, magini ne ɗan magini. Malam nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da ce masa a nan. Da tubali da ƙasa ya tashi, amma da aikin siminti ya shigo gari sai ya riƙa tsallakawa Sabon Gari yana yi wa baƙi gini, har ya iya bulo da kwano fiye da waɗanda suka koya masa. Ga shi kullum yana tayar wa mutane gidaje, mu kuwa muna cunkushe a ɗaki ɗaya a gidansu na gado, ni da shi da 'yarmu Uwani. 'Yan'uwansa da matansu da 'ya'yansu sun cika ko'ina. In ka yi tari a ɗakinka sai an yi maka sannu daga ƙuryar wani. Abin da ya mallaka a duniya fili ne guda a Kwaciri, ko harsashi bai samu sukunin tonawa ba.

A Sabon Gari ya haɗu da wani mutumin Gwalkwas mai aiki a kanti, kowa Akawu yake ce masa. Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ya ce wa Malam uwarsa ta rasu ta bar gida a garinsu a bakin teku, ba kowa a ciki, garin kuma ana ta son gini babu magina. Shi ya yi aure a nan, ba zai koma ba. Me zai hana a yi musaya, ya karɓi filin Kwaciri, Malam ya karɓi gida?

Na ce, "Malam, gidan da ba ka gani ba?"

Ya ce, "To filin da nake gani, Asabe, a cikinsa za ki haihu?"

Lokacin cikina ya fara fitowa, uwata kuma ta rasu, ba ni da inda zan je wanka. Sai na yarda. Wannan kafin a ba mu mulkin kai ne, Gwalkwas ma ba ta zama Gana ba tukuna.

Wahalar jirgin ƙasa ba zan ɓata bakina a kanta ba. A Ikko muka sauka gidan wani fatoma mai saukar da 'yan goro, kuma a nan na fara jin ƙarnin ruwan gishiri, wanda ya bi ni har cikin tuwo. A tashar mota wani mai fara'a ya tare mu, yana ta ce wa Malam ɗan'uwa, har da tambayar wace unguwa a Kano. Ya sa mu a wata babbar mota ya rantse har Gwalkwas za ta kai mu ba sauka. Muna isa iyakar ƙasar da Faransa ke mulka direba ya zubo mana kayanmu a bakin hanya ya juya kan motarsa. Da Malam ya yi magana sai ya ɗaga masa kafaɗa kawai. Masu tsaron iyaka suka buɗe akwatina suna ɗaga zannuwana ɗai-ɗai suna hira da yarensu. Na ji kamar in nutse. Malam ya juya baya yana kallon daji, jijiyar wuyansa ta tashi.

A Kwatano muka kwana a zango, ni a ɗakin matar liman, shi a barandar masallaci ya yi matashi da buhun kayan aikinsa. Gari ya waye ƙunshin kwanukan jerena babu shi babu dalilinsa. Na tsaya a tsakar gidan mutane na yi faɗa har muryata ta dushe, ban ma san da wa nake ba. Matar liman ta bari na gama, sannan ta ba ni kunu da wata 'yar tasa tata, ta ce in riƙe, tafiya ce.

Daga Kwatano hanya ta bi gefen teku. Yana hannun hagunmu, ba ya ɓacewa, in itatuwan kwakwa sun rufe shi sai ƙararsa ta ci gaba. Uwani ta ɗago kai daga cinyata ta ce, "Inna, waye yake daka?"

Na ce, "Ba mai daka, ruwa ne."

Ta saurara can, ta ce, "Yaushe zai gama?"

Sai amai ya taso mini. Wata mata da ke gefena, ƙatuwa mai ɗaurin kallabi kamar tulu, ta fasa ɗanyar kwakwa ta kafa mini a baki, ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. A Lome ta sauka, ta shafa cikina ta yi wata magana, ina jin addu'a ce.

Garin Akawu yana kan wani ziririn yashi ne, teku a kudu, wani ƙaton tafki a arewa. A wasu wuraren in ka yi jifa daga bakin wannan sai ya faɗa wancan. Zangon Hausawa yana can ƙarshen gari inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Nan muka sami Baba Tanko, wani tsohon mahauci Bazazzagi da ya tsufa a garin. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo ruwa. Da Malam ya kwatanta masa gidan sai ya ajiye wuƙar da yake wasawa.

"Gidan tsohuwar nan na bakin ruwa?"

"Shi. Nawa ne yanzu."

Baba Tanko ya dube ni, ya dubi cikina, ya ce, "Namu ba sa zama can, Malam. Ga ɗaki a nan gidana, ku zauna har ta sauka."

Malam ya yi godiya sosai, ya ce bai bar ɗaki ɗaya a gidan ubansa don ya zo ya zauna ɗaki ɗaya a gidan wani ba. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya shige gaba.

Da na ga gidan na ce, "Malam, wannan gida ne ko hanya?"

Ɗaki ne guda, ginin dutse mai kauri, an raba shi da katako, kwanon sama duk tsatsa ta cinye. Babu katanga, babu zaure, babu makewayi. Ƙofofi biyu gare shi suna kallon juna tsaf, ɗaya ta teku ɗaya ta tafki, in ka tsaya a bakin tafki kana hango igiyar ruwa ta cikin ɗakin. Muna tsaye ma wani masunci ba riga, komar kamun kifi a kafaɗa, ya shigo ta wannan ya fita ta waccan, har da ɗaga mana hannu. Ya saba, gidan ya daɗe ba kowa.

Komai na cikinsa a sama yake. Gadon tsohuwar ƙafafunsa sun kai ƙirjina. Ƙugiyoyi ne reras a jikin katakon rufi, ga wani dandamalin katako can kusa da kwano, sai an taka tsani. A jikin bango kuma akwai wani farin layi da ya zagaye ɗakin daidai ƙuguna. Na lakato da yatsa na ɗanɗana, gishiri ne. Da na leƙa ta ƙofar teku na hangi wasu baƙaƙen abubuwa a cikin ruwa, suna fitowa suna nutsewa. Na tambayi Baba Tanko ko duwatsu ne.

Ya ce, "Gidaje ne. Da na zo garin nan a can nake sayar da nama."

Na zauna a dokin ƙofa na yi kuka. Na tuna Fagge har da abubuwan da nake zagi: hayaniyar matan gidan, kukan jirgi da asuba, mai fura da ke cika mana kunne da rana. Malam kuwa zagaya gidan yake yana ƙwanƙwasa bango da bayan cokalin gini, fuskarsa sai ka ce an yi masa albishir.

Ya ce, "Ginin nan lafiyayye ne. Hankali kawai ba a sa masa ba. Ki ba ni lokaci kaɗan, za ki ga gida."

Kuma na ga gida, wannan ba zan hana shi ba. Da safe yana fita yi wa mutane aiki su sallame shi da siminti da kwano, da yamma ya dawo kan namu har duhu ya hana shi ganin igiyar awo. Ya sauya rufi. Ya yi daɓe. Ya yanke ƙafafun gadon don in iya hawa da tsohon ciki, ya cire ƙugiyoyin nan, ya yi mini kanta a ƙasa inda zan jera 'yan kwanukan da suka rage. Dandamalin sama kawai ya bari, ya ce ya yi wurin ajiyar kayan aiki. Ya shafe bango da farar ƙasa, layin gishirin ya ɓace, bayan kwana kaɗan ya sake fitowa ta cikin farin. Ya sake shafewa.

Daga nan ya zo kan babban aikin. Ƙofar tafki, inda maza ke wucewa dare da rana, ya toshe ta da bulo. Gefen teku kuma ya zagaye shi da katanga da ta fi tsawon mutum, ya fitar mini da tsakar gida, da madafi, da makewayi, da wurin wanka har da murhun da za a ɗora ganga. Ya yi ɗan zaure ta gabas, ƙofar waje da ta ciki ya karkace su yadda ake yi a gida, don mai wucewa kada idonsa ya faɗa ciki.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce mai bandar kifi. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, sai nake ce mata Iya. Ta tsinci Hausa kaɗan a kasuwar zango. Tun zuwanmu take kawo mini kifi da garin rogo, ta goya Uwani, ta koya mini yadda ake hura wuta da ɓawon kwakwa. Ranar da ta ga Malam yana jera bulo a ƙofar tafki sai ta ajiye kwandonta ta riƙe masa hannu.

"A'a. Ba rufe."

Malam ya yi dariya ya ce, "Iya, matata ce ba na so a riƙa gani."

Ta ja shi zuwa tsakiyar ɗakin, ta nuna ƙofar teku, ta ja hannunta a iska har zuwa ƙofar tafki. "Ruwa shiga nan. Ruwa fita nan. Ka rufe, ruwa zauna."

Da ta ga bai daina ba sai ta tafi har zango ta taho da Baba Tanko. Shi ya fassara. Ya ce akwai lokacin da teku ke tasowa, ba kowace shekara ba, ya haye yashin nan ya zuba cikin tafki. In ya zo, mutanen garin buɗe ƙofofinsu suke yi duka biyun, su hau da kayansu sama, ruwa ya ratsa ya wuce. Tsohuwar mai gidan haka ta yi har ta mutu a kan gadonta.

Malam ya saurara da ladabi, don ba mai raina manya ba ne. Ya ce, "Baba, ni ɗan Fagge ne. Na ga Jakara ta cika ta shiga gidaje, na ga kududdufi ya ci unguwa. Gidan da ruwa ke ci, mai ƙaramin harsashi ne da wanda ba a bar wa ruwa rariya ba. Zo ka gani." Ya kai su gindin katanga ya nuna musu rariyar da ya bari, ta isa akuya ta wuce. Ya ce ko a Sabon Gari bai taɓa barin mai faɗin wannan ba.

Iya ta durƙusa ta leƙa rariyar, ta ɗago ta dubi teku, ta ɗauki kwandonta ta fita. Baba Tanko ya ce, "Allah ya tsare," muka ce amin.

Ni dai na ji daɗin katangar nan. Ranar da aka kafa ƙyauren zaure na fito tsakar gida ba kallabi, na shimfiɗa tabarma na tsefe kaina a rana, Uwani tana wasa da ɓawon katantanwa. Tunda aka kai ni gidan miji ban taɓa zama haka ba. Teku yana ta dakansa a bayan katanga, amma ba na ganinsa, sai na ga kamar ya yi nisa. Abu ɗaya ke damuna. Mutanen garin in sun zo wucewa sai su tsaya su ƙura wa katangar ido, ba yabo ba dariya, sannan su wuce. Na fi son a ce dariya suke yi.

A ɗakina na haihu, a kan gadon da Malam ya rage wa tsawo, Iya ce ta karɓi haihuwar. Namiji. Mutanen zango suka zo aka raɗa suna a zaure, Baba Tanko ya kawo ƙauri, Malam ya sa babbar rigarsa yana ta nuna wa baƙi yadda ya haɗa kusurwar katanga. Na fara wanka. Na nuna wa Iya yadda muke yi, ruwa ya tafasa sosai, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗawa a jiki, safe da yamma. Ta riƙe baki, ta ce mu Hausawa dafa mace muke yi. Amma kullum ita ke hura wutar.

Bayan suna da 'yan kwanaki abubuwa suka fara sauyawa. Ruwan rijiya ya yi gishiri har ba ya shayuwa. Ƙaguwa suka riƙa shigowa ta rariya suna hawa bango. Masunta suka daina fita, suka ja jiragensu har tsakiyar gari suka ɗaure a jikin kwakwa. Ƙarar tekun ma ta sauya, ta yi nauyi, ina kwance ina jin ta a ƙashin bayana. Malam ya dawo ya ce ya ga abin mamaki, Iya ta cire ƙyamaren ƙofofinta duka biyu ta ɗaure su a kan rufi. Ya faɗa yana murmushi, amma ranar bai ci abinci sosai ba, kuma na ga ya fita ya zagaya katangar yana tattaɓa ta.

Ranar da abin ya faru ko hadari babu. Bayan azahar ne, rana tana nan, sai dai sama ta yi wani ja-ja kamar ruwan kanwa. Ganga tana kan wuta don wankan yamma. Iya ta shigo ba sallama, ba kwando, ƙafafunta jiƙe har gwiwa.

"Fita. Yanzu. Zango."

Malam ya ce, "Iya, mai jego ce. Ruwa ya kusa tafasa. Bari ta yi wanka ta shirya, sai in kai su."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ina zan ratsa gari da rana tsaka da ɗanyen jego, ban yi wanka ba? Iya ta juya. Ta sunkuci Uwani ta saɓa a kafaɗa, yarinyar tana kuka tana miƙo mini hannu, ta fice da ita. Na ce, "Malam, kana kallo ta ɗauke mini 'ya?" Ya ce in ƙyale ta, yanzu za mu bi su.

Ina ɗaura zanin wanka na ji wani abu ya daki katanga, har ƙasa ta motsa a ƙarƙashina. Na ɗaga kai sai na ga ruwa a sama, fari fat, ya tsaya a kan katangar kafin ya rufto. Wutar ta mutu nan take. Gangar ta kife. Kafin in kai ƙofar ɗaki, bugu na biyu ya zo, ruwa ya kai mini gwiwa, kuma bai koma ba. Rariyar da Malam ya bari yashi ya cike ta tun a bugun farko.

Malam ya ruga zaure. Ƙyauren ta ciki yake buɗewa, ruwan tsakar gida ya danne shi. Na ga yana ja da hannu biyu, ya sa ƙafa a bango yana ja, ko motsi. Ya dawo yana ratsa ruwa, ya ɗauki jaririn daga kan gado, katifar ta riga ta fara iyo. Ya kafa tsani ya tura ni kan dandamalin nan na tsohuwa, ya miƙo mini yaron.

Ya ce, "Miƙo mini guduma, tana bayanki."

Na miƙa masa. Ruwa ya kai masa ƙugu, daidai inda farin layin yake. Kwanukana suna yawo a ɗaki suna karo da juna. Duk bugun da teku ya yi sai wani ya ƙaru a kan na da, ba inda zai bi. Malam ya tsaya gaban ƙofar da ya toshe ya fara dukan bulo. Hannu sama yake ɗagawa don ruwa na riƙe masa guduma. Ya buga, ya buga, sai ɓarɓashi ke tashi.

Na ce, "Malam, hawo nan. Don Allah ka hawo."

Ya ce, "In ban buɗe ba har nan zai same ku." Ya tsaya ya ja numfashi, ruwa a ƙirjinsa, ya ɗago ya dube ni, har da ɗan murmushi. "Da na san ni zan rushe shi, Asabe, da ban zuba masa siminti haka ba."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji. Ya ci gaba da bugu a wuri ɗaya, bulo guda ya faɗa waje, haske ya shigo. Ya sake bugawa a gefensa. Ina tsammanin shi ma ya ɗauka ɗai-ɗai za su riƙa fita. Gaba ɗaya toshiyar ta tafi, kuma duk ruwan da ke ɗaki da na tsakar gida ya bi ta ƙofar nan lokaci guda. Na ga bayansa, na ga hannunsa ya kama gefen ƙofa, sannan ban ga komai ba sai ruwa.

Na kira shi. Na kira shi har da sunansa na yanka, wanda ban taɓa faɗa ba tunda aka ɗaura mana aure. Yaron yana ta tsala kuka a ƙirjina.

Ruwa ya sauka zuwa gwiwa. Daga nan in teku ya bugo sai ya shigo ta wannan ƙofa ya fita ta waccan, salin-alin, yadda Iya ta ja hannunta a iska. Kafin la'asar sakaliya katangar ta kwanta, zauren ya bi ta. Tsohon ginin ko tsagewa bai yi ba. Ina nan a sama har ruwa ya janye, masunta suka shigo suka sauko da ni, daga ni sai zanin wanka, gari duk ya taru a waje.

A gefen tafki suka same shi kafin magariba, cikin ciyawa, ba nisa. Da safe mutanen zango suka yi masa sutura suka kai shi. Baba Tanko ya zo ya tsuguna nesa da ni, hawaye na bin gemunsa. Ga ni da jego, ga ni da takaba, a garin da ban iya ko gaisuwarsu ba.

Zango ya cika da waɗanda ruwa ya kora, don haka a ɗakin Iya na zauna, mai ƙofa biyu ba ƙyaure. Da yamma na ga ta ɗauko gangata, ban san inda ta tsinto ta ba, duk ta lotse. Ta ɗora a murhun bandarta ta hura wuta. Da ruwa ya tafasa ta zo ta tsaya a kaina da ganyen darbejiya a hannu.

Na ce, "Ba zan yi ba."

"Wanka."

"A ina, Iya? Dubi." Na nuna mata waje. Fili ne fetal daga teku har tafki, maza ko'ina suna tono kayansu daga yashi suna gyaran rufi. Na ce, "Ki bar ni in kumbura in mutu. Wanda ya yi mini wurin wanka yana cikin ƙasa."

Ban sani ba ko ta gane. Ta ajiye ganyen ta fita. Na ji tana kiran sunaye da ƙarfi, gida-gida. Can sai ga mata suna tahowa, tsofaffi da masu goyo, waɗansu na san fuskarsu, yawanci ban taɓa gani ba. Kowace gidanta ruwa ya shiga jiya, kowace da aikin da ta baro. Ko wacce ta zo da zani a hannu, waɗansu ma jiƙaƙƙu. Suka zagaye gangar, suka juya mata baya, suka ɗaga zannuwan sama da kawunansu, gefen wannan a hannun waccan, har ba sauran kafa.

Iya ta karɓi yaron ta ba Uwani ta riƙe a cinya, ta kama hannuna ta shigar da ni tsakiya. Ta tsoma ganye a ruwan ta fyaɗa mini a baya. Zafin ya ratsa ni, sai kukan da ban yi ba a gaban gawa ya ɓalle mini. Na yi shi da ƙarfi, ban rage komai ba. Ina ganin hannuwansu suna rawa don gajiya, iska tana kaɗa zannuwan, amma ba wadda ta sauke.

Haka suka yi mini safe da yamma har na yi arba'in, kuma ba wadda ta taɓa waiwayowa.